Fashin baƙi: Idan mai kimanta gida ya yi kuskure a bashin da gwamnatin Amurka ta tsaya wa, wa ke ɗaukar asara?

Mutum ya sayi gida a Amurka da bashin banki wanda gwamnati ta tsaya masa. Kafin a saki kuɗin, banki ya turo ƙwararre ya zagaya gidan, ya auna ɗakuna, ya ɗauki hotuna, ya sa hannu cewa gidan ya kai kuɗin da aka yi ciniki a kai. Ladan wannan aiki daga aljihun mai saye ya fita. An tare, an zauna, sai ga ruwa yana zuba ta silin, ko bango ya fara tsagewa, ko kuma a gano girman gidan bai kai abin da aka rubuta ba. Asarar nan a wuyan wa take? Mai kimantawar ne, ko banki, ko gwamnatin da ta tsaya?

Abin da ke fitowa daga bakin yawancin mutane shi ne: "Ai gwamnati ta duba gidan kafin a ba ni bashi, dole su biya." Wannan fahimta ta jefa iyalai da yawa cikin asara, kuma tana da saurin shiga kai, domin a ido kamar haka abin yake. Batun ya shafi 'yan uwanmu mazauna can, daga unguwar Bronx ta birnin New York har zuwa Houston da Maryland, saboda irin wannan bashi shi ne ƙofar da mai ƙaramin ƙarfi ya fi samu a buɗe idan ya tashi mallakar gidansa na farko.

Tsayawar gwamnati, me take nufi?

An kafa FHA, hukumar tarayya mai tsaya wa bashin sayen gida, a 1934, zamanin Shugaba Franklin Roosevelt, lokacin da karayar tattalin arziki ta sa bankuna suka ɗaure bakin jaka. Tun 1965 tana ƙarƙashin ma'aikatar gidaje ta tarayya, wato HUD. Ita ba ta ba kowa bashi. Banki ko kamfanin lamuni ne ke ba da kuɗin, ita kuma ta yi wa bankin alkawarin cewa idan mai gida ya gaza biya har aka ƙwace gidan, za ta cike masa giɓin. Wannan alkawari ne ke sa banki ya yarda da mutumin da kashi 3.5 cikin ɗari na kuɗin gidan kawai yake iya ajiyewa tun farko. Asusun da ake cike giɓin daga cikinsa kuwa masu cin bashin ne ke tara shi: kashi 1.75 cikin ɗari na bashin a tashin farko, sannan wani abu a kai a kai duk wata.

Akwai 'yan uwanta biyu. Ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, VA, tana tsaya wa sojoji tun 1944, galibi ba tare da sun ajiye ko sisi ba. Ma'aikatar noma kuma tana da nata shirin na gidajen karkara.

A duka ukun, banki aka yi wa inshora. Mai gida ne ke biyan kuɗinta, amma ba shi aka kare ba. Duk abin da zai biyo baya daga nan ya samo tushe.

Aikin mai kimantawa, da wanda yake yi wa aikin

Mai kimanta gida jiha ce ke ba shi lasisi, kuma kafin ya taɓa aikin FHA sai sunansa yana cikin jerin da hukumar ta amince da su. Aikinsa shi ne ya faɗi ra'ayinsa na masani kan abin da gidan zai yi a kasuwa ranar da ya duba shi. Yakan nemo aƙalla gidaje uku masu kama da shi da aka sayar kwanan nan a kewayen, ya kwatanta, ya ƙara wa wannan saboda yana da gareji, ya rage wa wancan saboda banɗakinsa ɗaya, har ya tsayar da adadi. Masu gaskiya biyu na iya duba gida ɗaya adadinsu ya sha bamban, kuma babu wanda ya yi laifi. Shi ya sa kotu ba ta kama mai kimantawa don kawai wani ya zo daga baya ya faɗi wani farashi. Abin da take tambaya shi ne ko ya bi ƙa'idojin sana'ar kamar yadda kowane ƙwararre mai lura zai bi.

A bashin FHA an ƙara masa wani kaya a kan wannan. Kundin ƙa'idojin HUD mai lamba 4000.1, wanda ya fara aiki a watan Satumban 2015, ya ɗora masa duba ko gidan ya cika mafi ƙarancin sharuɗɗan zama lafiya. Za ka gan shi ya kafa tsani, ya tura kai da kafaɗu ta ƙofar silin yana haska tocila, ya leƙa ƙarƙashin daɓe, ya murɗa famfo, ya kora ruwan masai, ya kunna na'urar ɗumama ɗaki, ya ja baya ya ɗaga kai yana nazarin ko rufin zai ƙara shekara biyu. Idan an gina gidan kafin 1978 kuma fenti yana ɓarewa, sai ya rubuta a gyara, saboda tsoron gubar dalma a tsohon fenti. An yi wa kundin gyare-gyare da dama tun daga lokacin, amma ainihin nauyin yana nan.

A nan ruɗanin yake haihuwa. Mai saye ya ga mutum da tsani da tocila, sai ya ɗauka an bincike masa gida ciki da bai. Alhali mai duba lafiyar gini sana'arsa daban ce. Shi mai saye ne ke ɗaukarsa, shi yake yi wa aiki, yakan shafe sa'o'i yana buɗe akwatin wutar lantarki, yana neman alamar gara da danshi a harsashin gini. Mai kimantawa abin da ido ya gani a sarari kawai aka ɗora masa, kuma HUD ta rubuta ƙarara cewa hukumar FHA da banki su ne aka yi rahoton dominsu. Kamar mai karɓar jingina ne ya kira maƙerin zinari ya gwada masa sarƙar da aka kawo: mai karɓar jinginar ake duba wa, ko da mai sarƙar ce ta biya ladan gwaji.

Ma'aikatar ma tana da takarda ta musamman da ake miƙa wa mai neman bashi, tana shawartarsa ya sa a duba masa gidan don kare kansa, tana kuma faɗa masa cewa FHA ba ta lamunce darajar gidan ko lafiyarsa ba. Sai dai takardar tana zuwa ne cikin tulin takardun da mutum ke sa wa hannu yana ɗokin karɓar makulli.

Shari'ar da ta rufe ƙofar gwamnati

Ba yau aka fara gwada kai gwamnati ƙara kan wannan ba. A 1957 wasu ma'aurata suka nemi sayen gidan bulo a garin Alexandria na jihar Virginia. Mai kimantawa na FHA ya duba ya ce gidan ya kai dala 22,750, aka ba su takardar, suka saya a kan dala 24,000. Ba su daɗe da tarewa ba silin da bango suka fara tsagewa. Da aka huda daɓen ƙasa sai aka tarar gidan a kan yumɓu yake zaune, irin wanda ke laushi idan ya sha ruwa, ga kuma rashin magudana mai kyau. Kotun farko ta ce ainihin darajar gidan dala 16,000 ce, ta umarci gwamnati ta biya su dala 8,000. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar.

A 1961 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin, a shari'ar da ake kira Neustadt. Hujjarta ita ce dokar da ta ba jama'a damar kai gwamnatin tarayya ƙara kan sakacin ma'aikatanta ta ware wasu abubuwa, kuma ba da bayanin da ba daidai ba yana cikin waɗanda aka ware, da gangan aka yi ko bisa sakaci. Kotun ta ƙara da cewa babbar manufar kimantawar ita ce kare kuɗin gwamnati, amfanin da mai saye ke samu tsintuwa ce a gefe. A lura, babu wanda ya musanta cewa an yi sakaci. An yarda an yi, aka ce babu hanyar biyan diyya.

Wata 'yar kafa ta buɗe a 1983, a shari'ar Block da Neal, inda wata mata daga Tennessee ta gina gida da bashin hukumar gidajen manoma, jami'in hukumar kuma ya riƙa zuwa duba aikin, gidan ya fito cike da lahani. Kotun Ƙoli ta bar ƙararta ta ci gaba, domin abin da take kuka da shi sakaci ne wajen sa ido kan ginin da hukumar ta ɗauki nauyin sa wa ido. Wannan kafa ba ta wuce nan ba. Ga wanda ya sayi gida ginanne ya dogara da adadin da aka rubuta, hukuncin 1961 yana nan daram.

To, a kama mai kimantawar kansa mana?

A yau masu kimantawa ba ma'aikatan gwamnati ba ne, 'yan sana'a ne masu zaman kansu, don haka ana iya kai su ƙara. Amma a nan dokar jiha ce ke aiki, kuma jihohin ba bakinsu ɗaya ba. Mai ƙara sai ya tsallake shinge uku: ya nuna mai kimantawar yana da haƙƙinsa a wuya duk da ba shi ya ɗauke shi aiki ba, ya nuna ya dogara da rahoton wajen sayen, ya kuma nuna asarar da kuskuren ya jawo masa.

Shinge na biyu shi ya fi kayar da mutane. A 1995 Kotun Ƙolin jihar Washington ta saurari ƙarar wani da ya sayi gida da bashin VA, rufin ya yi ta yoyo, ya ce mai kimantawa ya ga halin da rufin ke ciki bai faɗa ba. Kotun ta ba shi gaskiya a kan ƙa'ida: mai kimantawa na iya ɗaukar alhaki ga mai saye, kuma kasancewar VA ce ta turo shi ba garkuwa ba ce. Duk da haka ya faɗi a shari'ar, domin bai ga rahoton ba sai bayan fiye da shekara da sayen, kuma shi da kansa ya san rufin ya tsufa tun ana ciniki. Mutum ba zai ce ya dogara da takardar da bai karanta ba.

A Arizona kuwa, a 2009, kotun ɗaukaka ƙara ta tsaya tare da mai saye. Mai kimantawa ya rubuta cewa gidan da wata mata za ta saya murabba'in ƙafa 2,440 ne. Daga baya ta je sabunta bashi aka sake awo, sai ga 1,871. Kotun ta ce mai kimantawar da banki ya ɗauka yana da nauyin yin aiki da lura ga mai saye ma, tunda ya san za ta iya ganin rahoton ta yanke shawara da shi. A California, a 2018, aka yi akasin haka. Wasu ma'aurata sun sayi gida a 2005 a kan dala 320,000, daga baya suka gano irin gidan nan ne da ake ƙerawa a masana'anta a kawo a girke, wanda bankuna ke ja da baya wajen ba da bashi a kansa, alhali rahoton ya kira shi da wani nau'in. Kotun ta ce banki aka yi wa rahoton, don ya auna jinginarsa, ma'auratan ba su da abin kamawa.

Wani abin da ke ƙara dagula lissafi yana cikin fom ɗin da aka daɗe ana rubuta rahoton a kai, wanda Fannie Mae da Freddie Mac, manyan kamfanonin da ke sayen basussukan gidaje daga hannun bankuna, suka sabunta a 2005. A wani wuri ya ce banki ne aka yi wa rahoton. A wani sakin layin kuma, na 23 cikin abubuwan da mai kimantawa ke shaidawa, ya ce mai cin bashi yana cikin waɗanda za su iya dogara da shi. Lauyan mai saye ya riƙe wannan, lauyan mai kimantawa ya riƙe wancan, kowa da hujjarsa daga takarda ɗaya.

Mai sayarwa da cinikinsa ya wargaje saboda an kimanta gidan ƙasa da farashi, shi nasa ya fi wuya. Da ƙyar kotu ke ganin yana da wani haƙƙi a kan mai kimantawa.

Inda sandar take da nauyi

Kada wannan ya sa a ɗauka mai kimantawa yana sheƙe ayarsa. Yana da masu kama shi, sai dai duk a sama suke.

HUD na iya aika masa da gargaɗi, ta tilasta masa komawa aji, ko ta cire sunansa daga jerinta, wanda ga mai aiki a unguwannin talakawa tamkar rufe masa shago ne. Hukumar lasisi ta jiha na iya cin tararsa, ta dakatar da shi, ko ta karɓe lasisin gaba ɗaya. Ƙa'idar sana'ar ta wajabta masa ajiye fayil ɗin kowane aiki aƙalla shekara biyar, kuma shi ake fara nema idan ƙorafi ya taso.

Sai banki. A dokar HUD, banki da mai kimantawa duka suna da alhakin ingancin rahoton. Idan bashi ya lalace, aka bincika aka ga kimantawar gurguwa ce, HUD na iya cewa banki ya ɗauki asarar da kansa, bankin kuma ya waiwayo kan wanda ya sa hannu. A nan babu gardamar ko yana da haƙƙi a wuyansa, tunda shi ya ba shi aikin. Bayan rushewar kasuwar gidaje ta 2008 har an samu masu sayen tsofaffin basussukan da suka mutu don kawai su riƙa maka masu kimantawa a kotu kan aikin da suka yi shekara takwas ko goma baya. Yawancin waɗannan ƙararraki sun faɗi, kuma jihohi da dama sun yi dokar ƙayyade wa'adin da za a iya kai mai kimantawa ƙara.

Babbar sandar ita ce dokar hana yi wa gwamnati ƙaryar neman kuɗi, wadda ta samo asali tun 1863 zamanin Abraham Lincoln. Wanda aka kama da ita yana biyan ninki uku na asarar gwamnati, ga tara a kan kowace takardar ƙarya. Tana bambanta kuskure da ganganci: wanda ya yi tuntuɓen lissafi ba ta hau kansa, amma wanda ya san ƙarya ce, ko ya rufe ido da gangan, ko ya yi ko-in-kula da gaskiya, ya shiga. Da ita aka fi bin manyan masu ba da bashi. Bankin Wells Fargo ya amince ya biya dala biliyan 1.2 a 2016 kan basussukan FHA. A 2015 gwamnati ta kai kamfanin Quicken Loans ƙara, cikin zarge-zargen har da neman a ɗaga farashin kimantawa, aka sasanta a 2019 a kan dala miliyan 32.5 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Wanda kuma ya kumbura darajar gida da gangan don ya yaudari FHA ko banki, wannan laifi ne na tarayya da hukuncinsa kan iya kaiwa shekara 30 a kurkuku.

Duk waɗannan kuɗaɗe baitulmali da asusun inshora suke komawa. Matar da ke tara bokiti a falo ba ta ganin ko dala ɗaya daga ciki.

Yadda aka zo nan

Tsaurin bai faɗo daga sama ba. A farkon shekarun 1970, ƙarƙashin wani shirin mallakar gida na dokar 1968, dillalai a birane irin su Detroit sun riƙa sayen kangaye da arha, su shafe su da fenti, su toshe bakin masu kimantawa na FHA, su sayar wa talakawa, yawancinsu baƙar fata, da tsada. Gidajen suka ruɓe a hannun masu su, dubbai suka koma hannun gwamnati. Bayan durƙushewar bankunan ajiya da lamuni a shekarun 1980, majalisa ta yi dokar 1989 da ta kawo tsarin lasisin jihohi da ƙa'idojin bai-ɗaya. A 2003 FHA ta hana tsayawa kan gidan da aka saya aka sake sayarwa cikin kwana 90, saboda masu juya gida cikin dare su ninka farashi.

Sai zamanin da farashin gidaje ya yi tashin gwauron zabi. Tsakanin 2000 da 2007 masu kimantawa 11,000 suka sa hannu kan wata takardar koke zuwa ga hukumomin Washington, suna cewa masu ba da bashi na matsa musu su "kawo adadin", wanda ya ƙi kuma a daina ba shi aiki. Kwamitin da majalisa ta kafa don binciken rikicin kuɗi na 2008 ya kawo wannan a rahotonsa na 2011. A 2007 babban lauyan jihar New York na lokacin, Andrew Cuomo, ya kai kamfanin kimanta gidaje na eAppraiseIT ƙara bisa zargin kumbura farashi don faranta wa bankin Washington Mutual, wanda ya durƙushe a shekarar da ta biyo. Daga nan aka kafa katanga tsakanin jami'in da ke cin la'adar bashi da mai kimantawa, dokar Dodd-Frank ta 2010 kuma ta mai da matsa masa lamba haramun.

Maganin ya zo da nasa ciwon. Bankuna suka koma bi ta kamfanonin 'yan tsakiya masu raba aiki, su kuma suna yankar kasonsu daga kuɗin da mai saye ya biya, suna neman wanda zai yi da sauri da arha. VA ce ta fita daban, domin ita ke tura mai kimantawa daga jerinta bi da bi, banki ba shi da zaɓi.

Kukan kowane ɓangare

Masu kimantawa suna cewa ladan aiki ɗaya 'yan ɗaruruwan daloli ne, alhakinsa kuwa na iya kai dubbai ɗari. An horar da su kan farashi, sai aka ɗora musu duba wayar lantarki da rufi, aikin da ba nasu ba. Inshorar kuskuren sana'a da suke yanka galibi tana aiki ne idan tana raye lokacin da aka kawo ƙara, don haka wanda ya yi ritaya ya daina biya na iya wayar gari da sammaci babu mai tsaya masa. Suna kuma gargaɗin cewa idan kowa zai iya kai su ƙara, za su riƙa rage farashi don tsira, su cika rahoto da sharuɗɗan gyara, masu sayarwa su guji duk mai bashin FHA. Wannan na ƙarshen ba barazana ba ce kawai. A kasuwar da masu saye suka yi yawa, an san masu gida na fifita mai tsabar kuɗi ko mai bashin banki na yau da kullum.

Masu kare haƙƙin mai saye kuma suna cewa ba daidai ba ne mutum ya biya kuɗin rahoto, a ba shi kwafi bisa doka, cinikinsa ya rataya a kan adadin da ke ciki, sannan a ce masa ba shi da alaƙa da shi.

Ni a ganina kukan biyun gaskiya ne, kuma tushensu ɗaya. Gwamnati ta mai da mai kimantawa rabin mai binciken gini domin ta kare asusunta da arha, ba ta wajabta cikakken bincike ba, sannan ta wanke hannunta da takarda guda. Wanda ya ajiye kashi 3.5 cikin ɗari da ƙyar shi ne mafi ƙarancin ƙarfin sake rufi, shi ne kuma aka fi barin sa a fili. Inda kuskuren na awo ne ko na bayyana nau'in gida, abin da tef da ido za su tabbatar, hukuncin Arizona ya fi kusa da adalci. Inda kuma lahani ne ɓoyayye a cikin bango, ɗora wa mai kimantawa zalunci ne.

Akwai kuskuren da ke gangarowa ƙasa, kuma ya shafe mu kai tsaye a matsayinmu na baƙar fata. Wani bincike da Freddie Mac ya fitar a 2021 ya nuna kashi 12.5 cikin ɗari na gidaje a unguwannin da baƙar fata suka fi yawa an kimanta su ƙasa da farashin ciniki, a unguwannin farar fata kuwa kashi 7.4. Ana muhawara kan musabbabin tazarar, amma idan wariya ce ta sa, dokar hana wariya a harkar gidaje ta 1968 tana aiki a kan mai kimantawa ko da wa ya ɗauke shi aiki. Ana da shekara ɗaya a kai ƙorafi HUD, shekara biyu a shigar da ƙara kotu.

Abin da ke hannun mai saye

Na farko, ya ɗauki nasa mai duba lafiyar gini, ya kuma sa a rubuta cikin yarjejeniyar ciniki cewa yana da damar janyewa idan binciken ya tono babban lahani. Kuɗin da zai kashe bai kai na gyaran kusurwa ɗaya ta rufi ba, kuma wannan mutum shi yake yi wa aiki. Ya je da kansa ranar binciken, ya bi shi ɗaki ɗaki yana tambaya. Ya karanta yarjejeniyarsa da shi ma, domin da yawansu kan rubuta cewa diyyar da za su biya ba za ta wuce ladan da suka karɓa ba.

Tun watan Janairun 2014 doka ta wajabta wa banki ya ba mai neman bashi kwafin rahoton kimantawa da zarar an kammala, ko aƙalla kwana uku na aiki kafin ranar rufe ciniki. Akwai takardar da ake sa wa hannu don yafe waɗannan kwanaki, kuma bai kamata a yi gaggawar sa mata hannu ba. A zauna da rahoton, a duba girman gida, yawan ɗakuna, shekarar gini, nau'in gini, da gidajen da aka kwatanta, shin a unguwar suke ko an tsallaka titi an ɗauko daga wata. Wanda ya karanta kafin ya saya ya kare kansa sau biyu: zai iya kama kuskuren tun da wuri, kuma idan ta kai ga kotu yana da bakin cewa ya dogara da shi.

A bashin FHA da na VA akwai sharaɗin da ke cewa idan kimantawa ta zo ƙasa da farashin ciniki, mai saye na iya fasawa a mayar masa da kafin alƙalaminsa. Hakan na ba shi ƙarfin neman ragi. A tsarin VA, idan mai kimantawa ya hango adadin ba zai kai ba, yakan sanar tun kafin ya rufe rahoto, a ba da kwana biyu na aiki a kawo masa ƙarin gidajen kwatance. FHA ta fito da tsarin da mai cin bashi zai nemi a sake nazarin kimantawa da kansa a 2024, ta janye shi a watan Maris na 2025, don haka yanzu ta hannun banki ake bi, a kai masa hujja a rubuce. Kimantawar FHA tana aiki har kwana 180, kuma sauya banki ba ya goge ta, domin da fayil ɗin take tafiya.

Idan kuma an riga an tare sannan lahanin ya bayyana, a fara da ɗaukar hotuna da adana duk takardun ciniki, a nemi lauyan da ya san dokar gidaje ta wannan jihar ba tare da jinkiri ba, saboda wa'adin shigar da ƙara yana tafiya, kuma a wasu jihohin daga ranar da aka sa hannu kan rahoton ake fara ƙirga shi. Lauyan zai fara duba takardar da mai sayarwa ya cike yana bayyana lahanin da ya sani, domin sau da yawa mai sayarwar da ya ɓoye yoyo, ko dillalin da ya sani ya yi shiru, sun fi mai kimantawa sauƙin kamawa. Kai ƙorafi hukumar lasisi ta jiha kyauta ne, tana iya hukunta mai kimantawar, amma ba ita ke karɓo wa mai gida kuɗin gyara ba.